Tarihin Kwamitin Manufofin Kuɗi na Babban Bankin Najeriya

Kwamitin Tsara Manufofin Kuɗi rukuni ne na mutum 12 da doka ta ɗora wa nauyin yanke shawara a kan tsadar bashi da yawan kuɗin da ke yawo a Najeriya. Yakan zauna a hedikwatar Babban Bankin Najeriya da ke Abuja, galibi duk bayan wata biyu, ya yi kwana biyu yana tattaunawa, sannan gwamnan bankin ya fito gaban 'yan jarida ya karanta abin da aka cimma. Dokar Babban Banki ta 2007 ce ta kafa shi a sigarsa ta yanzu. Sai dai ikon da yake riƙe da shi ya daɗe yana yawo daga hannu zuwa hannu kafin ya iso gare shi, kuma har yau bai gama zama a hannunsa ba.

A zamanin wuri babu wata hukuma da ke ƙayyade yawan kuɗi. Fatake ne ke shigo da shi, kasuwa kuma ta yanke masa daraja. Da 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar a tsakiyar ƙarni na 19, sai darajarsa ta yi ta zubewa, har ta kai ladan ɗaukarsa zuwa gari mai nisa yana cinye wani babban kaso nasa. Turawan mulkin mallaka sun maye gurbinsa da nasu kuɗin, kuma a 1912 suka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, mai mazauni a Landan, wadda ke buga wa Najeriya da Gana ta yanzu da Saliyo da Gambiya kuɗi iri ɗaya: fam da sule, da kwabo da anini masu huda a tsakiya. Wannan hukuma ba ta da wata manufa da take tsarawa. Aikinta musaya ne kawai, duk fam ɗin da ta fitar sai an ajiye mata fam ɗin Ingila a madadinsa. Saboda haka kuɗi kan yawaita idan gyaɗa da koko da kwakwar manja suka yi kasuwa a Turai, su ƙaranta idan farashi ya faɗi, kuma babu mai ikon sa baki. Tsarin ya hana hauhawar farashi irin ta buga kuɗi barkatai, amma ya bar ƙasar ba ta da wurin da bankunanta za su ruga idan suka shiga matsi. A farkon shekarun 1950 ƙananan bankuna na 'yan ƙasa da dama suka durƙushe da ajiyar jama'a.

Wannan ne ya ƙara wa masu neman babban banki ƙarfi. An gabatar da buƙatar a Majalisar Wakilai a 1952, aka gayyato J. L. Fisher daga Bankin Ingila ya duba, shi kuma a rahotonsa na 1953 ya ce lokaci bai yi ba. Sai a 1957 wani jami'in Bankin Ingila, J. B. Loynes, ya ba da shawarar a kafa. Aka yi dokar a 1958, bankin ya buɗe ƙofa ranar 1 ga Yuli, 1959, ƙarƙashin Roy Fenton, Baturen Ingila. Ɗan ƙasa na farko da ya riƙe shi shi ne Alhaji Aliyu Mai-Bornu, daga 1963 zuwa 1967.

Shekarun farko na gini ne. Babu yadda banki zai juya kuɗin ruwa a inda babu kasuwar bashi, don haka sai da aka fara ƙirƙirar kasuwar ita kanta: a 1960 aka fitar da takardun lamuni na gwamnati masu gajeren wa'adi, waɗanda bankuna ke saye su ajiye. Bankin ya kuma shiga samar wa hukumomin sayen amfanin gona kuɗin da suke biyan manoman gyaɗa da auduga da koko a lokacin kaka, kuma daga 1968 shi ke ba su rancen kai tsaye. Yaƙin basasa ya ƙara jan sa cikin hidimar gwamnati. A Janairun 1968, zamanin gwamnan banki Clement Isong, aka sauya takardun kuɗi domin a mayar da waɗanda ke hannun Biyafara banza. Ranar 1 ga Janairu, 1973 naira ta maye gurbin fam, naira biyu a kan fam ɗaya.

Daga nan har tsakiyar shekarun 1980, manufar kuɗi umarni ce ake bayarwa. Kowace shekara, tare da kasafin kuɗi, Babban Banki kan aika wa bankuna takardar da ta faɗi iyakar bashin da za su bayar, da kason da dole ya tafi noma ko masana'antu, da kuɗin ruwan da za su caja da wanda za su biya mai ajiya. Shawarar ƙarshe kuwa ta gwamnati ce, bankin mai ba da shawara ne ta hannun Ma'aikatar Kuɗi. Niyyar ita ce a sauƙaƙa bashi ga sassan da ake son su bunƙasa. Abin da ya faru a aikace daban ne. Bayan ƙarin albashin ma'aikata da aka fi sani da Udoji, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 1975, alhali ribar da ake ba mai ajiya ba ta kai ko kusa ba, ma'ana duk wanda ya ajiye kuɗinsa a banki asara yake yi. Bashi mai araha kuma yakan ƙare a hannun wanda ya san wani. Gwamnonin wancan zamani, Adamu Ciroma da Ola Vincent da Abdulkadir Ahmed, sun yi aiki ne cikin wannan tsari, inda kuɗin man fetur da kashe-kashen gwamnati ke yanke yawan kuɗin da ke gari, ba wata takarda daga banki ba.

Shirin gyaran tattalin arziki na Janar Ibrahim Babangida ya fara warware wannan ɗauri. A Satumban 1986 aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗaɗen waje, naira ta faɗi warwas, kuma a Agustan 1987 aka sakar wa bankuna mara su yanke kuɗin ruwansu. Dokar soja mai lamba 24 ta 1991 ta ƙarfafa bankin, a Yunin 1993 kuma ya soma abin da ya zama babban makaminsa: sayar wa bankuna takardun lamuni idan yana son janye kuɗi daga gari, da sayensu idan yana son ya sake su. Amma makami ba ya aiki idan gwamnati na zuba kuɗi ta ƙofar baya. Giɓin kasafin kuɗi na shekarun nan daga Babban Banki ake cike shi, sakamakon haka hauhawar farashi ta haura kashi 70 cikin 100 a 1995, mafi muni a tarihin ƙasar. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙayyade kuɗin ruwa a kashi 21, ta kafe dala a naira 22 a hukumance yayin da 'yan canji ke sayar da ita sama da naira 80. A 1997 ma aka mayar da bankin ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, kafin a sake kwance shi a 1998.

Bayan dawowar mulkin farar hula abubuwa suka soma daidaita. A zamanin gwamnan banki Joseph Sanusi, daga 2002, aka daina tsara manufa shekara-shekara, aka koma tsarin shekara biyu. Magajinsa Charles Soludo ya ɗaga jarin bankuna daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, suka haɗe daga 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. A Disamban 2006 ya soke tsohon ma'aunin kuɗin ruwa wanda bankuna suka daɗe da daina kulawa da shi, ya kawo sabo a kan kashi 10 cikin 100. Shi ne ma'aunin da ake ji a labarai har yau duk lokacin da aka ce an ƙara kuɗin ruwa ko an rage.

Dokar 2007 ta tattara waɗannan sauye-sauye wuri ɗaya. Ta sa daidaita farashi a sahun farko na ayyukan bankin, ta ce yana da 'yancin gudanar da aikinsa, sannan a sashe na 12 ta kafa kwamitin. Gwamnan banki ne shugaba, sai mataimakansa huɗu, da mutum biyu daga hukumar daraktocin bankin, da uku da shugaban ƙasa ke naɗawa, da biyu da gwamnan ke naɗawa. Ba a yin zama sai mutum shida sun hallara. Ba Najeriya ce ta ƙirƙiro salon ba. Bankin Ingila ya kafa nasa kwamitin mai mutum tara a 1997, na Amurka kuma mai masu ƙuri'a 12 ya girme shi nesa ba kusa ba. Hikimar ɗaya ce ko'ina: kada tsadar bashi ta zama ra'ayin mutum guda, kuma kada ɗan siyasar da zaɓe ke gabansa ya zama shi ke riƙe da ita.

Kafin kowane zama ma'aikatan bankin kan haɗa rahotanni: alƙaluman farashi daga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, yawan kuɗin da ke hannun bankuna, bashin da aka ba 'yan kasuwa da wanda gwamnati ta ci, farashin ɗanyen mai, abin da ya rage a asusun ajiyar ƙasa na waje, da yadda manyan bankunan Amurka da Turai suka motsa. A rana ta farko akan saurari waɗannan bayanai a yi tambayoyi. A rana ta biyu kowane mamba ya faɗi matsayinsa, a kaɗa ƙuri'a, rinjaye ya yi aiki. Sanarwar bayan taro kan faɗi yadda ƙuri'u suka rabu, kuma tun zamanin Sanusi Lamido Sanusi ake wallafa bayanin da kowane mamba ya rubuta da sunansa. Wannan al'ada tana da daraja ƙwarai, domin a cikinta ne mai bincike zai ga wanda ya yi gargaɗi da wuri da wanda ya bi sahu kawai.

Abubuwan da ake kaɗa wa ƙuri'a kaɗan ne. Na farko shi ne ma'aunin kuɗin ruwa. A samansa akwai farashin da Babban Banki ke ba bankuna rancen kwana ɗaya, a ƙasansa kuma akwai abin da yake biyansu idan suka kwantar da rarar kuɗinsu a wurinsa. Tunda babu bankin da zai ci bashi a wurin ɗan'uwansa fiye da yadda zai samu a Babban Banki, ko ya bayar ƙasa da abin da Babban Banki zai biya shi, sai cinikin bankuna a tsakaninsu ya tsaya cikin wannan tazara. Daga nan tsadar ke gangarowa zuwa takardun lamuni, zuwa bashin kamfanoni, har zuwa asusun ajiya, wanda ƙa'ida ta ce kada ribarsa ta gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin. Na biyu shi ne kason ajiyar jama'a da dole kowane banki ya kulle a Babban Banki ba tare da ya ba da shi bashi ba. A Najeriya wannan kaso ya fi ma'aunin kansa cizo, kuma da wuya a sami ƙasar da ta ɗaga shi kamar yadda aka ɗaga shi a nan. Na uku shi ne kason dukiyar banki da dole ta kasance mai saurin komawa tsabar kuɗi, wanda ya daɗe a kan kashi 30.

Gwajin farko na 'yancin da doka ta bayar bai ɗauki lokaci ba. A Agustan 2007 Soludo ya sanar da shirin cire sifiri biyu daga naira, cikin 'yan kwanaki gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta dakatar da shi. Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya karɓi bankin a Yunin 2009, ya tarar da bankuna cikin rikici, ya sauke shugabannin wasunsu, aka zuba musu kimanin naira biliyan 620, kwamitin kuma ya sauko da ma'auni zuwa kashi 6. Da naira ta shiga matsi a 2011, sai ya kira zaman gaggawa a watan Oktoba ya ɗaga shi daga kashi 9.25 zuwa 12 a tashi ɗaya. Masu masana'antu sun koka, amma a 2013 hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10. Wannan shi ne lokacin da kwamitin ya fi kama da abin da doka ta zana. A Fabrairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da Sanusi, a daidai lokacin da yake zargin kamfanin mai na ƙasa da ƙin shigar da biliyoyin daloli baitulmali. Doka ta ce ba a cire gwamna sai da amincewar kashi biyu bisa uku na Majalisar Dattawa, amma ba ta ce komai a kan dakatarwa ba, kuma ta wannan kafa aka bi.

Zamanin gwamnan banki Godwin Emefiele, daga 2014 zuwa 2023, ya nuna wata hanyar da kwamiti kan rasa ƙarfinsa ba tare da an taɓa dokarsa ba. Kwamitin ya ci gaba da zama yana kaɗa ƙuri'a, amma manyan shawarwari a wajensa ake yanke su. A Yunin 2015 aka hana masu shigo da kayayyaki iri 41 samun dala daga kasuwar hukuma. A Nuwamban shekarar aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, ɗaya daga cikin tsare-tsare masu yawa da bankin ya riƙa rabon kuɗi da su a kan ruwan da bai kai kashi 10 ba, alhali ma'aunin kwamitin ya kai kashi 14 a Yulin 2016. Mafi nauyi shi ne rancen cike giɓi. Sashe na 38 na dokar ya yarda bankin ya ranta wa gwamnatin tarayya abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata ba, a kuma biya kafin shekara ta fita. An take wannan iyaka shekara bayan shekara har bashin ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a Mayun 2023 a mayar da shi bashin shekara 40 a kan ruwan kashi 9. Kwamiti na janye kuɗi da cokali, hukumar bankin na zuba su da bokiti. A Janairun 2018 ma zaman bai yiwu ba sam, saboda Majalisar Dattawa ta ƙi tantance sababbin mambobi sakamakon saɓaninta da fadar shugaban ƙasa, sai a Afrilu aka zauna. Sauyin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a Oktoban 2022, wanda ya jefa jama'a cikin ƙuncin rashin tsabar kuɗi har Kotun Ƙoli ta sa baki a Maris na 2023, shi ma ba ƙuri'ar kwamitin ce ta haife shi ba.

Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da Emefiele a Yunin 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur. Bayan zaman Yuli, inda aka kai ma'auni kashi 18.75, kwamitin bai sake zama ba sai ƙarshen Fabrairun 2024, ƙarƙashin sabon gwamna Olayemi Cardoso, lokacin dala ta haura naira 1,500. A wannan zama aka yi ƙari mafi girma, zuwa kashi 22.75, aka ɗaga kason ajiyar dole zuwa kashi 45. Aka yi ta ƙari a kowane zama na shekarar har ma'auni ya kai kashi 27.5 a Nuwamba, kason ajiya kuma ya kai rabin duk abin da jama'a suka ajiye a bankunan kasuwanci. Duk da haka hauhawar farashi ta tsaya a kashi 34.8 a Disamban 2024. A Satumban 2025 aka rage ma'aunin zuwa kashi 27, ragi na farko tun Satumban 2020.

Dalilin da ya sa ƙarin kuɗin ruwa ke jinkirin tasiri a Najeriya ba ɓoyayye ba ne. Abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin magidanci, kuma tsadar masara da gero ta fi alaƙa da manomin Zamfara ko Katsina da ya kasa zuwa gonarsa, da kuɗin taki da na mota, fiye da alaƙarta da ruwan banki. Akasarin ciniki a Dawanau da Kantin Kwari ba da bashin banki ake yin sa ba. Da jarin uban gida ake yi, da kayan da ake karɓa a biya bayan an sayar, da adashi, kuma mutane da yawa na ƙaurace wa bashi mai ruwa saboda addini, abin da ya buɗe hanyar kafa bankin Jaiz a 2012. A lokacin sauyin naira bankin da kansa ya ce fiye da kashi 80 cikin 100 na tsabar kuɗin ƙasar suna wajen bankuna. Hanyar da hukuncin kwamitin ke fi saurin isa ga talaka ita ce ta canji: ruwa mai tsada kan jawo masu zuba jari daga waje, dala ta samu, farashinta ya lafa a kasuwar 'yan canji ta Wapa, kayan da ake shigowa da su su daina tashi. Ɗan kasuwar Maraɗi ma yana jin wannan, domin sefa tana ɗaure da yuro a farashi tsayayye, kuma babban bankin ƙasashe takwas da ke Dakar ne ke tsara mata manufa, saboda haka duk faɗuwar naira kan sa hatsi da kayan Najeriya su yi masa araha su kwarara ta iyaka.

Raunin da ya rage yana cikin dokar kanta. Gwamna da mataimakansa huɗu da mutum biyun da ya naɗa sun kai bakwai cikin 12, wato rinjaye na gefen mutum ɗaya tun kafin a buɗe taro, shi kuma wannan mutum an dakatar da irinsa sau biyu cikin shekara goma ba tare da ƙuri'ar majalisa ba. Iyakar da sashe na 38 ya sa ba ta zo da hukuncin da zai tsorata mai take ta ba. Majalisar Tarayya ce kaɗai ke da ikon toshe waɗannan kafofi, kuma ya kamata ta ƙara yawan mambobin waje, ta fayyace batun dakatar da gwamna, ta kuma wajabta a riƙa sanar da jama'a duk wata adadin abin da gwamnati ta ranta daga Babban Banki.